Ƙarya Uku a Zanen Injin Zoɓo

Kwanana huɗu a birnin Gwanzu na ƙasar Chana ban cire singiletin jikina ba sai in zan yi wanka, shi ma da shi nake shiga banɗakin in rataye shi inda idona ke kaiwa. Ba ƙazanta ba ce. Matata ce ta ɗinka mini aljihu a cikinsa, a aljihun akwai takarda uku a leda, kuma duk abin da muke taƙama da shi ni da yayana Habibu yana kan takardun nan.

Mu maƙeran inji ne a Sharada, cikin Kano. Wurin namu rumfar kwano ce a bayan wani tsohon kamfanin saƙa da ya daina aiki, da ma'aikata goma sha ɗaya. Abu guda ya sa aka san mu, injin gyaran zoɓo. Busasshen zoɓon da ake kwasowa daga ƙauyukan Jigawa a fita da shi waje yana zuwa ne da yashi da tsakuwa da guntayen kara. Kowane inji aka gwada yana fitar da yashin, amma sai ya marmashe zoɓon, masu sayensa a waje kuma ba gari suke so ba, lafiyayyen kunne suke so. Yaya ya yi shekara huɗu yana ɓata ƙarfe, mutane na yi masa kallon wanda ya samu taɓuwa, kafin ya gano yadda za a girgiza zoɓo a sheƙe shi bai karye ba. Sirrin awo uku ne kacal: gangaren rariya, da nauyin ƙarfen da ke girgiza ta, da faɗin bakin da iskar fanka ke fitowa. Masu kwaikwayo sun sha sayen injinmu su farke shi, amma Yaya kan lulluɓe cikin da walda yadda kafin ka kai ga abin da kake nema ka riga ka lalata shi. Mutum biyu suka san awon nan a duniya, shi da ni.

Abin da ya kai ni Chana, wani babban mai fitar da zoɓo ne a Bompai ya nemi inji goma sha biyu kafin kaka, amma na farin ƙarfe marar tsatsa, da sandar juyi wadda ba ta karyewa duk bayan wata uku irin tamu. A Kano babu mai iya yanka mana irin wannan. In ba mu kawo ba kuma, zai nemi wasu. Yaya hawan jini gare shi, ko gadar sama ba ya son hawa balle jirgi, sai tafiyar ta faɗo kaina, ni Sadi, mutumin da ko Abuja zai je sai cikinsa ya lalace.

Dabarar da ya tsara ba sabuwa ba ce. Duk maƙerin da ya san kansa a Sharada haka yake yi in zai kai aiki wajen masu sassaƙa ƙarfe. Ba ka bai wa mutum ɗaya aikin duka, kuma ɗan abin da ka ba shi sai ka cusa ƙarya ɗaya a awonsa, in ka dawo gida ka gurje da hannunka ya koma daidai. Yaya ya raba injin gida uku, takarda uku, kowacce da ƙaryarta. Ya ce in kai su masana'anta uku masu nisa da juna. Da zai miƙo mini su ya riƙe ledar bai saki ba, ya ce, “Sadi, amana ce. Awon gaskiya kada ya fita daga bakinka, ko da wasa, ko a mafarki.” Na ce na ɗauka.

Wanda aka haɗa ni da shi a Gwanzu wani ejan ne mai suna Nazifi, ɗan Hotoro, ya shekara takwas a can. Yana jin yarensu kamar da shi aka haife shi, ga ƙamshin turare, ga waya biyu a hannu kullum suna ƙara. Kwana uku yana yawo da ni a kasuwanni ina riƙe masa ledojin 'yan kasuwar da yake yi wa sayayya. In na ce yaushe za mu fara nawa aikin, sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Injiniya, kwantar da hankalinka mana. Nan fa ba Sharada ba ce.” Tun ranar farko ya ce in ba shi takardun ya ɗauki hotonsu ya tura, wai a nan ba a yawo da takarda. Na ce masa ko hotona ban yarda a ɗauka ba. Ya yi dariya har da buga ƙafa.

Abinci kuwa, kada ma a yi maganarsa. Burodinsu zaƙi kamar alewa, ni kuma ina tsoron duk abin da aka dafa a tukunyar da ban sani ba. Ayaba da ruwan zafi na yi ta ɗirka har wandona ya fara zamewa. A rana ta huɗu na ji wani yana waya da Hausa a cikin lif, na bi shi kamar maraya, ya kai ni hawa na tara na wani dogon gini. A nan wani dattijo mutumin Damagaram, Malam Isufu, yake tuƙa tuwo a ɗan ƙaramin ɗaki yana sayar wa 'yan kasuwa. Tuwon shinkafa miyar kuka, har da daddawa, ga jarkar zoɓo mai sanyi a gefe. Wallahi da na kai lomar farko sai da na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Malam Isufu ya dube ni ya ce, “Sabon zuwa ne ko? Ci a hankali, ba za a ƙwace ba.” Ya ƙara mini miya bai tambaye ni ba.

A kwana na biyar aka fara kai takardu. Nazifi ya kawo mota, muka yi tafiyar awa biyu da wani abu, muka isa wata masana'anta mai ƙarar injina. Na shiga bayan gida na zaro takarda ɗaya, ta ƙarfen girgiza, na miƙa wa mai wurin. Mutumin ya duba, ya haɗe gira, ya danna kalkuleta, ya sake dubawa, sannan ya yi wata doguwar magana yana nuna lamba ɗaya da biro. Lambar da yake nunawa kuwa ita ce ta ƙaryar. Na ce wa Nazifi, “Me ya ce?”

“Ya ce ba matsala.”

“Duk wannan surutun?”

“Haka yarensu yake, Injiniya. Magana ɗaya sai su ja ta kamar ƙosan rogo.”

Washegari muka kai ta biyu, ta bakin iska, wani wurin daban. Kashegarinsa kuma ta uku, ta rariya. Kowace tafiya Nazifi sai ya ce wannan garin ya fi na jiya nisa, ya karɓi kuɗin mota daidai nisan. Kowane mai masana'anta kuma sai ya haɗe gira a kan lamba ɗaya, Nazifi ya ce ya ce ba matsala. Abin da ya tsaya mini a rai wata gada ce mai jan fenti, da wata mata mai sayar da lemo a gindinta sanye da malafa. Ranar farko na gan ta. Rana ta biyu na sake ganinta, na ce ƙila gadojinsu kama suke yi. Da na gan ta a rana ta uku, matar ma har ta ɗaga wa direbanmu hannu, sai na juya wajen Nazifi. Na ce, “Nazifi, ba nan muka bi jiya ba?” Ya ce ai duk 'yan Chana kama ɗaya suke wa baƙo, ya ci gaba da latsa waya.

Ya karɓi ladansa a ranar, ya ce nan da kwana biyar zai zo mu je ganin samfur. Ban sake sa shi a idona ba. Wayarsa ta farko a kashe, ta biyun kuma wata mata ce ke amsawa da yarensu ta katse.

Kwana tara na yi a wannan hali, kuma ban taɓa shiga tashin hankali irin nasu ba. Takardun da nake kwana da su a ƙirji sun bar hannuna, suna wurare uku da ban san sunansu ba, ban san hanyarsu ba. Bizata kuma kwanakinta na ta raguwa. Mafi muni shi ne kiran Yaya. Da ya idar da sallar asuba a Kano, a can azahar ta yi, sai wayata ta ɗauki ƙara. Tun ƙarfe sha biyu nake fara zufa.

“Sadi, yaya aikin?”

“Lafiya lau, Yaya. Ana ta yi.”

“Ka raba su dai?”

“Na raba.”

“Da nisa?”

“Da nisa sosai.”

“Alhamdulillahi. Mutumin Bompai ya sake aikowa jiya. Su Bulus suna gaishe ka.” Bulus shi ne babban mai waldarmu, mutumin Kafanchan, 'ya'yansa huɗu a makaranta. Ina ajiye wayar sai in zauna a bakin gado in yi ta kallon bango, ina lissafa mutanen da za su ji a jikinsu in na koma hannu biyu.

Rana ta tara na kasa cin tuwon Malam Isufu. Ya bari mutane suka watse, ya jawo kujera ya ce, “Kai yaro, wa ya rasu?” Na kwashe komai na faɗa masa, ban da awon. Da na ambaci sunan Nazifi sai ya yi tsaki kawai. Ya tambaye ni ko masu masana'antun ba su ba ni ɗan kati ba. Ashe sun ba ni, na cusa su a jaka don rubutun ba na iya karanta shi. Ya jera katin uku a kan tebur, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

“Wa ya ce maka garuruwa uku ne? Duk garin Foshan ne. Wannan da wannan ma layinsu ɗaya.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, kun tabbata?”

“Shekarata goma sha huɗu a nan. Daga nan ba ta kai awa ɗaya ba.”

Ya kira lamba ɗaya da irin yaren kasuwarsa, aka yi ta ihu ta cikin wayar kamar ana faɗa. Da ya gama ya ce wai su ma nemana suke yi tun satin da ya wuce, in zo gobe da safe wajen wata mata mai suna Madam Lin. Sannan ya ce, kamar ba wani abu ba, gobe ba zai ɗora tukunya ba, zai raka ni. Na ce, “Malam, cinikinku fa?” Ya ce 'yan kasuwa su ci taliya rana ɗaya ba za su mutu ba. Da za mu fita da safe kuma sai ya ɗauko buhun busasshen zoɓon da yake jiƙawa, ya auno kamar kwano biyu a leda. Ya ce sun yi ta tambayarsa wane irin abu ne ake sawa a injin.

Mun wuce jar gadar nan, mai lemo na zaune abinta. Muka shiga wani layi mai tsawo, dama da hagu duk masana'antu, ƙofofinsu a wangale, mutane na fita daga wannan su shiga waccan riƙe da ƙarafa babu mai tare su. A ƙarshen layin muka shiga wajen Madam Lin. Ina sa ƙafa na gan shi. Injinmu ne, a tsaye, a haɗe, daga rariya har fanka, da farin ƙarfe yana walƙiya a tsakiyar fili inda kowa ke wucewa. A gefensa kuma, a kan wani ɗan teburin shayi, ga mutanen nan uku da na raba wa takardu, suna zaune tare suna kurɓa da ƙananan kofuna. Ɗayansu har ya ɗago mini hannu da fara'a.

Madam Lin gajeruwar mata ce, za ta yi shekara hamsin, da rigar aiki mai tabon mai da fensir a bayan kunne. Ita ta yi bayani, Malam Isufu na fassarawa, inda ya kakare su sa waya ta ƙarasa. Ta ce kowannensu da ya ga takardarsa ya ga lamba ɗaya ba ta hau lissafi ba, ya faɗa wa tafintana, tafintan ya ce a yi haka nan. Hankalinsu bai kwanta ba. Suna da wani guruf a waya, duk masu masana'antun yankin suna ciki, in abu ya ɗaure wa mutum kai sai ya ɗora hotonsa kowa ya sa baki. Na farkon ya ɗora tasa. Kafin a tashi daga aiki na biyun ya ce ai shi ma an kawo masa 'yar uwarta, na ukun ma haka. Suka haɗa, suka ga inji ɗaya ne. Ita ce mai fili, sai suka ƙera guda a wajenta su ga abin da zai yi.

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. “Sata ce! Wallahi sata ce! Wa ya ba su izini? Malam, ku gaya musu ɓarayi ne, ku gaya musu Allah ya isa!”

Malam Isufu ya yi wata 'yar gajeruwar magana da su cikin sanyin murya. Na ce me kuka ce musu? Ya ce, “Na ce ka gaji da tafiya.”

Amma Madam Lin ba yarinya ba ce, ta ga fuskata. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ba ta ji kunya ba, mamaki ma take yi. Ta jawo ni gaban injin ta nuna mini ƙafafunsa. An ɗora shi a kan wasu sifirin huɗu, nannaɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa, da babu su a zanenmu. Ta ce wani mai ƙera injin tace busasshen kifi ne ya gani a guruf ya ce in ba a sa su ba sandar juyi za ta riƙa karyewa, ya aiko da nasa zanen kyauta. Ciwon da ya dame mu shekara da shekaru ke nan. Ta ce su haka suke aiki, yau ka ba da, gobe a ba ka, wanda ya fi sauri da iya aiki shi ke cin kasuwa. Ta ce nauyin ƙarfen da bakin iskar sun gano na gaskiya da lissafi cikin kwana biyu. Ta rubuta lambobin a tafin hannunta ta nuna mini. Daidai suke, ko ɗigo ba su kuskure ba. Gangaren rariya ne kawai ya gagare su, don ba su san abin da ake tacewa ba. Sun gwada da ganyen shayi, sun gwada da busasshen barkono.

Sai ta faɗi maganar da ta ƙarasa ni. Ta ce wannan ƙarfen ba irin namu ba ne, in an yanka an gasa shi an gama, ba ya gyaruwa da gurza. In na nace a yanka da awon da ke takarda za su yanka, amma inji goma sha biyu zan loda a kwantena in kai gida su zama bola. In kuma na faɗi na gaskiya, ba za ta yaudare ni ba, zai shiga guruf kamar sauran, kuma duk wanda ya zo nema za ta ƙera masa.

Malam Isufu ya fita ya ɗebo yashi a inda ake gini, ya cakuɗa da zoɓonsa, suka zuba a injin suka kunna. Na tsaya ina kallo. Yashin na fita ta ƙasa yadda ya kamata, amma zoɓon na taruwa a tsakiyar rariya yana dukan juna, yana fitowa a farfashe. Mutanen uku suka kewaye shi, wannan ya ɗaga nan, wancan ya sauke can, duk a banza. Ni kuma na san abin da ake buƙata bai wuce juyi uku na sifana ba. Ana cikin haka wayata ta fara ƙara a aljihu. Azahar ta yi. Na ciro na ga sunan Yaya, na riƙe ta a hannu tana ta ruri har ta katse. Ta sake, ta katse. Tunda na mallaki waya ban taɓa ƙin ɗaga kiransa ba sai ranar.

Na ce zan yi salla. Wani tsoho mai shara ya gane, ya share mini lungu, ya shimfiɗa sabon kwali, ya kore wasu da ke shan taba a wajen. Na yi salla, amma ba zan ce na san abin da na karanta ba. Ina ta juya abin a raina. In na yi shiru, biyu cikin uku sun riga sun fita, na ukun ma wata rana wani zai kawo musu zoɓo su gano, mu kuma mun rasa mutumin Bompai, mun rasa kaka. In na faɗa, na ci amanar mutumin da ya raine ni tun rasuwar mahaifinmu, ya koya mini riƙon guduma. Babu wanda ya tilasta ni, wannan nake so a sani. Ina sallamewa na ji ƙarar injin, na ji yadda yake cin zoɓon nan, raina ya kasa ɗauka. Na tashi na miƙa hannu, wani ya sa mini sifana.

Juyi uku a baya, rabi a gaba. Nan take muryar injin ta canza. Zoɓon ya baje, ya fara gangarowa a hankali, kunne-kunne, jawur, ko ɗaya bai karye ba. Ga shi da sifirin ɗin nan ko girgiza ƙasa ba ya yi, kana iya magana a gefensa a ji ka. Tunda nake ban taɓa ganin injinmu ya yi aiki mai kyau irin wannan ba. Suka ɗauki tafi, Madam Lin ta ɗora ma'auni a kan rariyar ta karanta lambar da ƙarfi, wani yana ɗauka da waya. Malam Isufu ya damƙi zoɓon yana shinshinawa yana cewa, “Kai! Tabarkalla!” Ni kuwa daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini wuri guda. Aka miƙo mini shayi na ajiye ban sha ba.

Sauran kwanakin aiki ne ba ji ba gani. Kafin bizata ta ƙare an yanka, an loda, Madam Lin ta sa ni a guruf ɗinsu ta nuna mini inda zan danna ya fassara. Yaya kuwa na ci gaba da ce masa lafiya lau. Na kasa faɗa masa ta waya.

Na sauka Kano ranar wata Talata, ko gida ban je ba na wuce Sharada da jakata. Ma'aikata suka yo kaina da murna, Bulus na tsokanata wai na rame kamar an wanke ni. Yaya na zaune a ofis, ɗan ɗakin katako da muka yanka a ƙarshen rumfar. Na rufe ƙofa, na durƙusa, na faɗa masa komai tun daga jar gada. Bai katse ni ba.

“Wato sun sace,” in ji shi.

“Biyu sun gano da lissafi, Yaya. Na ukun ni na faɗa.”

“Tsare ka suka yi? Ko fasfonka suka riƙe?”

“A'a.”

“To da me suka saye ka?”

“Ba su saye ni ba. Zoɓon ne yake karyewa a gabana.”

Ya ce, “Da ka ce mini sata suka yi, da na fi samun sauƙi.” Sannan ya miƙo hannu na ba shi wayar ya kalli bidiyon. Ya kalla sau biyu, ya tsayar da shi a kan ƙafafun injin ya kawo kusa da ido.

“Wannan sifirin ɗin dabarar wa?”

“Wani mai injin busasshen kifi.”

“Mai kifi,” ya maimaita a hankali. “Ya fi namu?”

Na yi wata guda ina yi masa ƙarya, na ga ba zan iya ƙara ko ɗaya ba. Na ce, “Ya fi, Yaya.”

Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wayata, ya ce in je gida iyalina na jirana. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma har yau bai sake tayar da maganar ba. Da ya mare ni da na fi so.

Kayan sun iso kafin kaka, mun haɗa goma sha biyun, mutumin Bompai ya yaba. Abin da Yaya ke tsoro shi ma ya faru. Ba a rufa wata biyar ba 'yan kasuwa suka fara shigo da irin injin, yanzu a Sharada kaɗai rumfa biyu ke ƙera shi, akwai wata a Challawa. Amma ba mu rufe ba, ko mutum ɗaya ba mu sallama ba. Duk abin da ya lalace a zafinmu da wutarmu mai zuwa tana ɗaukewa ina ɗora shi a guruf, kafin kwana biyu wani ya kawo gyara, kafin maƙwabta su kwaikwayi na bara mun fito da na bana. In ana maganar kasuwa, ban yi asara ba. Sai dai na gane a makare cewa ba kasuwa kaɗai nake ɗauke da ita a singiletin nan ba. Shekara tara duk wanda ya shigo rumfarmu Yaya yake nema, shi ne mutumin da ya san abin da babu wanda ya sani. Yanzu yakan zo da safe kamar kullum, ya zagaya, sannan ya ɗauki benci ya zauna a bakin ƙofa.

Makon jiya wani Alhaji ya zo daga Haɗeja neman inji. Ina can ciki ina ɗaure rariya na hango shi ya tsaya ya gaida Yaya, irin gaisuwar da ake yi wa mai gadi, ya ce, “Baba, don Allah ina injiniyan wurin nan?” Na saki sifana na taho da sauri don in ce masa ai ga shi nan a gabanka. Kafin in ƙaraso Yaya ya riga ya ɗaga hannu ya nuno ni.

“Ga shi can,” in ji shi. “Shiga, zai saurare ka.”